Giɓin Taki da Idon da Aka Ɓoye a Kwamfuta: Nazarin Wani Lamari a Gombe

Kamfanin da wannan nazari ya shafa kayan noma yake sayarwa a cikin garin Gombe: takin zamani, maganin feshi, iri, da ƙananan injinan ban-ruwa. Ofishinsa ɗaki biyu ne a bakin titi, sitonsa kuma yana can gefen gari inda tirela za ta iya juyawa. Na sakaya sunan kamfanin da na mutanen cikinsa, domin da sulhu maganar ta ƙare, kuma wadda aka fi cuta a ciki ba ta son a sake tayar da ita. Mai kamfanin zan riƙa ce masa Alhaji, kamar yadda yaransa ke kiransa.

Mutum huɗu ne ke riƙe da harkar a ƙarƙashinsa. Akwai akawu mai haɗa lissafi, da kashiya, matar aure, mai karɓar kuɗi tana yanke rasit, da wani saurayi mai shigar da kaya a kwamfuta, sai dattijon da mukullin sito ke hannunsa tun kafin a yi tunanin sayen kwamfuta. Su ukun farko kowa da tasa a ofis. Dattijon kuwa ko kusa da ita ba ya zuwa.

Duk wanda ya san kasuwar taki ya san yadda damina ke hargitsa lissafi. Daga Mayu zuwa Agusta tireloli na shigowa daga Kudu da yuriya, daga masana'antun Eleme da Onne na jihar Ribas ko ta Lekki a Legas, kowace tirela buhu 600 mai kilo 50. Kafin a gama saukewa dillalai da manoma daga Kumo, Dukku, Bajoga, Deba, Billiri, har da na wajen Biu, sun yi cincirindo. Wannan ya biya kuɗi hannu, wancan tiransifa, wani ya ce sai kaka. Da ruwa ya ɗauke aka ƙirga yuriya da takin kamfa da suka rage a sito, aka gwada da abin da kwamfuta ta ce ya rage, sai ga giɓin da ya wuce a ce fashewar buhu ce ko kuskuren 'yan dako.

Shawarar ɗan ƙanwa

Tunanin Alhaji na farko shi ne ya tara su ya miƙa wa kowa Alƙur'ani ya rantse. Ɗan ƙanwarsa ne ya kawar da shi daga kai. Yaro ne mai difiloma a fannin kwamfuta, yana gyaran waya, kuma dama shi ake kira idan firinta ta ƙi aiki. Su biyun sun maimaita mini hirar daga baya, kuma ba su saɓa ba.

"Kawu, rantsuwa ba ta kama ɓarawo, shi ma dafawa zai yi. Akwai manhajar da zan sa, duk abin da aka taɓa a kwamfutocin nan za ka san shi kana zaune a gida."

"Su fa, za su sani?"

"Ba mai sani, Kawu. Ko alamarta ba ta fitowa."

"To je ka yi. Amma daga ni sai kai."

Ranar Lahadi ya karɓi mukullin ofis ya dasa ta a duka ukun.

Irin wannan manhaja ta daɗe a kasuwa, kuma da fuska biyu ake tallarta: ga iyaye da sunan kula da yara, ga masu kamfani da sunan kula da ma'aikata. Tana rubuta duk harafin da aka danna a madannai. Tana ɗaukar hoton fuskar kwamfuta bayan kowane ɗan lokaci, ko duk sanda aka buɗe sabon shafi. Tana tara jerin shafukan intanet da aka shiga da duk rubutun da aka kwafa. Sai ta loda su gaba ɗaya zuwa rumbun kamfanin da ya ƙirƙire ta a ƙasar waje, mai asusun ya shiga da imel da kalmar sirri ya duba. Mutane da yawa na ɗauka tunda WhatsApp ya kulle saƙonninsa tun 2016, ta yadda sai mai aikawa da mai karɓa ke iya karantawa, to shi ke nan ba mai gani. Kullen nan a hanya yake tsaron saƙo. Da zarar ya iso ya bayyana a fuskar kwamfuta, manhajar hotonsa za ta ɗauka, ba ruwanta da kulle.

A ranar da aka dasa ta an yi abubuwan da kowannensu ya dawo daga baya. Garkuwar da ke zuwa da Windows ta gane manhajar ta hana ta zama, sai yaron ya kashe garkuwar, kwamfutocin suka koma a buɗe ga kowace cuta. Da dala ake biyan kuɗin wata, shi kuma ba shi da katin dala, don haka wani abokinsa ne ya buɗe asusun ya biya, kalmar sirrin na hannunsu su biyu. Wanda ya fi duka nauyi kuwa shi ne Alhaji bai taɓa buɗe shafin da kansa ba. Turanci ne, dogo ne, ga kasuwa. Yaron ne ke karantawa, da dare ya zo ya faɗa masa abin da ya ga ya dace. Alhaji na ganin shi ne mai ido a kan ma'aikatansa, alhali ido na hannun saurayin da ba ma'aikacin kamfanin ba ne, ba a ɗaure shi da wata yarjejeniya ba, kuma gidan su ɗaya da mahaifiyar da ta san rabin matan unguwa.

Abin da idon ya gani

Game da taki bai ga komai ba. Rasit na tafiya daidai da abin da aka shigar, abin da aka shigar na tafiya daidai da alat na banki. Ba wanda ya goge ciniki, ba wanda ya sauya farashi.

To amma wanda aka sa gadi ba ya son ya dawo hannu wofi. Sai rahoton dare ya koma kan abin da aka samu: akawu na kallon ƙwallon Turai idan ciniki ya lafa, saurayin nan ya shiga shafin cacar ƙwallo, kuma yana cike takardar neman aiki a wani wuri. Ba ko ɗaya da ya shafi giɓin, amma fuskar Alhaji ta sauya musu. Mai caca ai zai iya sata, mai neman tafiya ai ya san abin da ya yi. Zato ya sami abin ci.

Kashiyar ce abin ya faɗa wa da gaske. Batirin wayarta ba ya riƙe caji, ofis kuma akwai data, sai take buɗe WhatsApp ɗinta a kwamfuta, wanda da shi ma take amsa wa dillalai tambayar farashi. A nan take hira da yayarta da ke aure a Bauchi. Shekaru da aure ba haihuwa, dangin miji sun fara matsa masa ya ƙara aure, su biyu sun je asibiti a ɓoye, kuma gwaji ya nuna matsalar ta fi karkata wajen maigidan. Yayarta kaɗai ta faɗa wa.

Yaron ya karanta. Bai kai wa kawunsa ba, don ya san ba huruminsa ba ne. Mahaifiyarsa ya faɗa wa, wai don tausayi, ana zargin baiwar Allah alhali ba laifinta. Daga nan ba sai an bi sawu ba. A wani suna a Jekadafari wata mata ta riƙe hannun kashiyar ta ce, "Sannu 'yar nan, Allah ya ba maigida lafiya, mun ji abin da likita ya ce." Ta koma gida ta kira yayarta ta zazzage ta, suka daina magana. Maganar ta kai kunnen mijin ta bakin ƙanwarsa, ya ce ta je gida sai ya neme ta. Har zuwa lokacin ba wanda ya kawo kwamfuta a ransa.

Akawun ne ya lura da wani abu daban. Datar ofis da ke kai su ƙarshen wata ta koma ƙarewa tun ana tsakiya, kwamfutarsa na nauyi, ga garkuwar Windows a kashe, ya kunna ta sake mutuwa. Loda hotuna dare da rana na cin data, wannan kuwa ba a iya ɓoye shi. Shi ya nemi a kira mai dubawa daga waje, Alhaji ya kasa cewa a'a ba tare da ya faɗi dalili ba. Ta nan na shigo lamarin.

Gano ta bai yi wuya ba. Ta sa wa kanta suna mai kama da na ayyukan Windows, amma tana aika kaya zuwa adireshin da ba na Microsoft ba, kuma akwai wata ɓoyayyiyar jaka da take tara abin da bai riga ya tafi ba. Na buɗe fayil ɗaya a kwamfutar kashiya don in tabbatar da ko mene ne, akawu na tsaye a bayana. Layi ne na haruffa ba tsari, da alamar kowane maɓalli da aka danna. Ga farashin kamfa da ta tura wa wani dillali. Ga lambar rasit. Sai jimla guda da ta fara rubuta wa yayarta game da mijinta, bayanta alamar maɓallin gogewa a jere har ta cinye jimlar, sannan "ba komai Yaya, sai mun yi waya." Abin da ta rubuta ta fasa aikawa, wanda yayar ma ba ta taɓa gani ba, yana nan a ajiye. Akawu ya juya baya ya ce, "Malam, rufe."

A kwamfutarsa shi kuma ga sunan shiga da kalmar sirrin asusun bankin kamfanin, a rubuce sarai, an ɗauke su duk ranar da ya shiga. Abin da ya tsare kuɗin Alhaji shi ne bankin ba ya sakin tiransifa sai da lambar nan mai sauyawa ta ƙaramar na'urar da ke aljihunsa. Ga kuma lambobin BVN da NIN na wasu manoma da aka taɓa cike wa takarda, da kalmar sirrin imel na ma'aikatan duka. Duk wannan na wurare uku a ƙalla: wayar ɗan ƙanwa, hannun abokinsa mai katin dala, da rumbun wani kamfani da ba wanda ya san ƙasar da yake.

Na ukun nan ba ƙaramin abu ba ne, don kamfanonin da ke wannan sana'a sun yi ƙaurin suna wajen sakaci da abin da suka tara. An fasa rumbun mSpy a 2015, bayanansa suka sake zubewa a 2018 da 2024. A 2021 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta haramta wa SpyFone da shugabansa wannan sana'a gaba ɗaya. A Mayun 2024 aka gano pcTattletale, wadda ita ma da sunan yara da ma'aikata ake tallarta, a kwamfutocin karɓar baƙi na wasu otal-otal a Amurka, hotunan bayanan baƙi na fita ga duk wanda ya san hanya. Ba a jima ba aka yi mata kutse, mai ita ya rufe kamfanin. A 2025 masu bincike suka tarar da hotunan fuskar kwamfuta sama da miliyan 21 na ma'aikatan da ake sa wa ido da WorkComposer a rumbun da ba a kulle ba. Mai kamfanin da ya dasa irin wannan don tsoron ɓarawo guda a ofis, sirrin kasuwancinsa ya ɗauka ya kai ajiya inda ba shi da iko.

Inda takin ya bi

Da aka cire manhajar, giɓin na nan yadda yake, don haka na nemi a kai ni sito. Na tambayi dattijon yadda kaya ke fita. Ya ce hanya biyu ce: wanda ya zo da rasit daga ofis, da wanda Alhaji ya kira a waya ya ce a ba shi. Na ce na biyun a ina ake rubutawa? Ya ɗaga tabarmar da yake salla, ya ciro littafin 'yan makaranta da bangonsa ya yi laushi, ya buɗe. Da ajami ya rubuta komai, da biro shuɗi: ranar kasuwa kaza, wane na Dukku buhu kaza, Alhaji ya ce sai kaka; ɗan wane na Kumo, Alhaji ya ce a ƙara masa; na masallaci; na surukin Alhaji.

"Baba, an taɓa kai wannan ofis?"

"Wa ya tambaye ni? Su ba sa karanta ajami, ni ba na karanta nasu."

Da aka zauna aka juye littafin, mafi yawan giɓin ya fito a ciki. Bashi ne da kyauta da Alhaji ya bayar da bakinsa yana mota ko yana wajen ɗaurin aure, ya manta. Ragowar kuma ta wajen lodi ta bi: wasu 'yan dako da wani direba na tsiyayar buhu su ɗinke, wani lokacin su wuce da buhu sukutum idan cunkoso ya yi yawa. Duka biyun ba wanda ya taɓa ratsawa ta madannai. Da manhajar ta shekara goma tana ɗaukar hoto ba za ta gan su ba. Tambayar da ta kamata a fara yi, wato ta wace ƙofa kaya ke fita kuma wa ke rubutawa, ba ta buƙatar dala ko ɗaya.

Matsayin doka

Hujjar Alhaji da ya fara karewa da ita ita ce wadda kowane mai kamfani zai kawo: kwamfutata ce, datata ce, albashi nake biya. Akwai gaskiya a ciki. Doka ba ta hana mai aiki kula da kayan aikinsa ba. Sai dai mallakar na'ura daban, mallakar sirrin wanda ke zaune a gabanta daban.

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa 'yan ƙasa sirrin kansu, da gidajensu, da wasiƙunsu, da hirarsu ta waya. Dokar Kare Bayanan Jama'a da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, ita ta fayyace yadda wannan ke aiki a irin ofishin Alhaji. A ƙarƙashinta duk wanda ya yanke shawarar tara bayanan wani shi ke ɗauke da alhakinsu, ko da wani ya wakilta. Sashe na 24 ya ce a tara su a fili ba a ɓoye ba, don manufa sananniya, kuma kada a wuce abin da manufar ke buƙata. Dokar ta yarda kamfani ya kafa hujja da halastacciyar buƙatarsa, kuma tsare kaya daga sata buƙata ce halastacciya, amma ta ce wannan hujja ba ta tsayawa idan ta danne haƙƙin mutum ko ta wuce abin da zai yi tsammani. Ba kashiyar da za ta yi tsammanin ana ajiye jimlar da ta goge. Bayanin lafiya kuma yana cikin rukunin da dokar ta ware ta tsananta a kansu. Ta ɗora wa mai tarawa tsaronsu, ta sa sharuɗɗa kafin a fitar da su ƙasar waje, ta kuma ce idan suka zube ta yadda zai iya cutar da masu su a sanar da hukuma cikin awa 72. Tarar ƙaramin kamfani na iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa, kuma wanda aka cuta na iya neman diyya a kotu. Ga kuma Dokar Laifukan Intanet ta 2015, da aka yi wa gyara a 2024, wadda ta mai da tare saƙonnin mutane da na'ura ba da izini ba laifi. A ganina izinin da Alhaji ke da shi a kan kwamfutarsa bai kai ga asusun WhatsApp na wata ba, balle a ce ya kai ga abokin ɗan ƙanwarsa.

Akwai wata shari'a ta Turai da ta yi kama da wannan, ko da yake hukuncinta ba ya hawa kan kotunan Najeriya. A 2007 wani kamfani a Romaniya ya kori ma'aikacinsa Bogdan Barbulescu bayan ya karanta hirarsa ta Yahoo Messenger da ɗan'uwansa da budurwarsa, har ya buga masa ita a shafi 45. Kamfanin ma yana da dokar hana amfani da kwamfuta don harkar kai. Duk da haka a 2017 babban zauren Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ya ce an keta haƙƙinsa, saboda kotunan ƙasarsa ba su bincika ko an sanar da shi tun farko irin sa idon da zurfinsa ba, da ko akwai hanya mafi sauƙi da za ta biya buƙatar. Waɗannan tambayoyi biyu, an faɗa masa, kuma babu wata hanyar, su ne ofishin Gombe ya faɗi a kansu.

Zaman sulhu

Ba a je kotu ba, kuma ban yi mamaki ba. Kai ƙara na nufin a karanta sirrin a gaban alƙali da magatakarda, wato a ƙarasa abin da aka fara. Mahaifin kashiyar ya zaɓi a zauna a zauren limamin unguwarsu, da Alhaji, da yaron, da wakilin mijin.

Limamin bai ɗauki gefen da Alhaji ya zata ba, bai kuma ce kula da dukiya laifi ne ba. Ya kawo hadisin Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah (SAW) ya aika karɓar zakka, da ya dawo ya yi masa lissafi a kan abin da ya karɓo. Bincikar wanda ka ba amana a kan amanar, a gabansa, sunna ce. Sannan ya karanta aya ta 12 ta Suratul Hujurat ya ce su lura da jerin da ta zo da shi: a nisanci yawan zato, kada a yi leƙen asiri, kada a yi giba. Ya ce, "Alhaji, da zato ka fara, ka wuce zuwa na biyu, na ukun kuma ba kai ka yi ba, amma kai ka buɗe masa ƙofa." Ya ƙara da hadisin Mu'awiya da ke cikin Abu Dawud, cewa wanda ya bi diddigin aibobin mutane zai lalata su ko ya kusa.

Alhaji ya nemi gafara a gaban kowa, ya ɗauki nauyin zuwa wajen mijin da kansa ya shaida masa matarsa ba ta kai maganarsa ko'ina ba, sata aka yi. Wannan shaidar ce ta mayar da ita ɗakinta, ta kuma gyara tsakaninta da yayarta. Ya biya ta abin da dattawa suka yanke. Aikin kuwa ta ce ta bar shi, ba ta kuma koma ba. Saurayin mai neman aiki ya samu ya tafi. Akawu ya zauna, amma yanzu ko lambar wayar matarsa ba ya bugawa a kwamfutar ofis. Alhaji da ƙanwarsa sun daɗe gaisuwa kawai ke haɗa su.

A wajen zaman ne ya fito cewa an riga an shirya, da an gama da ofis, za a sa irin manhajar a wayoyin 'ya'yan Alhaji na sakandare. Uba ba daidai yake da mai kamfani ba. Yana da hurumi a kan yaron da bai balaga ba, kuma dokar 2023 ma iyaye ta ba ikon amincewa a madadin wanda bai kai 18 ba. Amma da an yi, hotuna da hirar 'yarsa budurwa a wayar ɗan'uwanta namiji za su sauka, da ta abokinsa. Na nuna masa Family Link na Google, wanda ya fito a 2017, da Screen Time na Apple na 2018. Suna ba uba damar ƙayyade lokaci, da hana sauke manhaja sai da izininsa, da toshe shafukan banza, yaron kuma ya san ana kula da shi. Ba sa buɗe wa uba hirar yaro ya karanta. Alhaji ya ce to mene ne amfaninsu ke nan. Na ce ya tambayi kansa wa zai riƙa karanta masa.

Gyaran da aka yi a ofis ba shi da tsada. An wanke kwamfutocin ukun aka sake zuba musu Windows, aka sauya kowace kalmar sirri, ta banki da ta imel, aka sanar da manoman da lambobinsu suka shiga ciki. Manhajar lissafin da suke amfani da ita dama tana iya ba kowa sunan shiga nasa ta ajiye tarihin wanda ya shigar ko ya goge ciniki. Da can duk da suna ɗaya suke shiga, yanzu an raba. Wannan sa ido ne shi ma, amma a kan ciniki ya tsaya, kuma kowa ya san da shi. An rubuta takarda shafi ɗaya da Hausa, kowa ya sa hannu: ga abin da kamfani ke dubawa, ga wanda ke dubawa, ga tsawon lokacin da ake ajiyewa, kuma ba a buɗe asusun kai a kwamfutar ofis, mai son hira da gida ya haɗa wayarsa da datar ofis. An sa kyamara a ƙofar sito da allon sanarwa a ƙarƙashinta. An buga littafin fitar da kaya mai kwafi uku, ɗaya ga mai karɓa, ɗaya ofis, ɗaya sito, dattijon na ci gaba da ajaminsa a gefen kowane shafi. Sharaɗin da ya fi wahalar bi shi ne wanda ya hau kan Alhaji: ko shi ya kira, buhu ba ya fita sai ofis ya yanke takarda. Ya karya shi tun a makon farko, dattijon ya ƙi buɗe ƙofa, suka yi cacar baki a waya, daga baya ya aiko da takardar.

Da kaka ta yi an karɓo yawancin bashin da ke littafin. Wasu sun ce ba su tuna sun karɓa ba, tunda kuma ba sa hannu, Alhaji ya bar su da Allah.

An goge abin da ke wayar yaron a gaban liman, abokinsa ma ya rantse bai ajiye komai ba. Kwafin da ke rumbun kamfanin manhajar ne ya gagara. An shiga asusun an danna gogewa, an kuma rubuta musu wasiƙa ana neman tabbacin cewa sun share komai daga wajensu. Amsar da ta dawo ta na'ura ce, tana cewa sun yi baƙin cikin rabuwa da mai asusun, kuma idan ya sabunta kafin ƙarshen wata za a yi masa ragi.